Tambaya: wace kalmar Turanci ce ta dace da ajin da yara suka yi wa yawa?

Sakataren Iyaye ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon malamanmu na Turanci da ke wannan zaure a kan wata kalma da ta hana mu kammala takardar koke. Ni ne sakataren ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar firamare ta gwamnati, kuma an ɗora mini nauyin rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarmu takarda da Turanci, domin neman a ƙara mana ajujuwa kafin damina ta kankama. Halin da muke ciki shi ne, akwai ajin da yaransa suka haura ɗari, bencin mutum uku yara biyar ne a kansa, sauran kuwa a ƙasa suke zaune har gindin allo, ta yadda malami ba ya samun hanyar da zai ratsa ya duba littafin na baya.

A rubutun farko na sa "our classrooms are congested", domin ita ce kalmar da na saba ji a rediyo da gani a jaridu. Da hedimasta ya duba sai ya soke ta, ya sa "overcrowded" a madadinta. Ma'ajinmu, wanda ya daɗe yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya, ya ce duk ɗaya ne, kowace aka sa jami'ai za su gane. Wani matashin malami kuma ya ce shi "crowdy" ya sani.

Ina roƙon a warware mini abu uku. Mene ne ainihin bambancin waɗannan kalmomi, wacce ce ta fi nauyi a takardar da za a kai ofis, kuma yaya ake jera ta a cikin jimla? Ba na son a ajiye kokenmu a gefe saboda rauni a rubutu, alhali matsalar yaran nan ta gaske ce. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Nahawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Hedimastanku ya yi daidai, kuma zan faɗi dalili, domin idan ka riƙe dalilin ba za ka sake buƙatar tambaya ba ko da a wata takardar ce.

Mu fara daga tushe. "Crowd" taron jama'a ne, "crowded" kuma siffa ce ta wurin da mutane suka yi yawa a cikinsa. Wannan siffar ba ta yanke hukunci a kan komai, labari kawai take bayarwa. Idan ka ce Kantin Kwari yana "crowded" ana gobe Sallah, ba ka yi ƙorafi ba, kuma ɗan kasuwar da ke da shago a ciki murna zai yi da jin haka. Amma da zarar an liƙa "over" a farkon kalmar, ma'ana ta koma wuce ƙima. Wannan ɗafin ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin shi ne a cikin obalodi da direbobi ke faɗa a tasha, shi ne kuma a cikin obataim na ma'aikata. Ba a cewa mota ta yi obalodi sai an san iya nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, haka nan ba a cewa wuri yana "overcrowded" sai akwai adadin da aka yi shi dominsa, sannan aka zarce. Saboda haka kalmar tana tafe da ma'auni a cikinta, tana kuma tafe da zargin cewa an kai matakin da ke cutarwa ko ke jawo haɗari. Abin da kuke son hukuma ta ji ke nan.

Ita kuwa "congested", asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin tara abu a jibge shi wuri guda, kuma a Turancin yau hankalinta ya fi karkata ga toshewar abin da ya kamata ya riƙa wucewa. Titi ne ke zama "congested", da tashar jiragen ruwa, da layin waya idan kira ya yi masa yawa. Tambayar da nake koya wa ɗalibaina su yi wa kansu ita ce: matsalar wurin nan ta zama ce ko ta wucewa? Idan mutane sun zo ne su zauna, su kwana, ko su yi karatu, kuma wurin ya yi musu kaɗan, "overcrowded" ce. Idan sun zo ne su wuce amma hanya ta ƙi, "congested" ce. Mu a Hausa kalmar cunkoso tana ɗaukar duka biyun, muna cewa cunkoson ɗalibai muna kuma cewa cunkoson ababen hawa, kuma ina ganin daga nan ruɗanin yake tasowa.

Akwai wasu na kusa da su da ya kamata ka sani don kada a kawo maka su a matsayin gyara. "Cramped" ƙunci ne da matsatsi, wato wurin ne ƙarami, ko da mutum ɗaya ne a ciki, kamar shagon tela da keken ɗinki ya cinye rabinsa. "Packed" da "jam-packed" na hira ne, daidai da mu ce wuri ya cika maƙil ko babu masaka tsinke, kuma sau da yawa yabo ne, kamar yadda ake faɗa a kan filin wasa ko wajen wa'azi, don haka ba su dace da koke ba. "Overpopulated" ta ƙasa ce ko birni, ba a faɗa wa ɗaki ita.

Game da "crowdy", ka gaya wa matashin malamin nan cikin ladabi ya daina koyar da ita. Ana jin ta a bakin mutane da yawa a Najeriya, amma ba karɓaɓɓiyar siffa ba ce da wannan ma'ana, kuma mai duba jarrabawar WAEC zai ja layi a ƙarƙashinta. Abin da ya fi damuna da ita shi ne kusancinta da "rowdy", wadda ke nufin hayaniya da rashin ɗa'a. Harafi ɗaya ya faɗi a wajen buga takarda, sai ku wayi gari kun kai ƙarar 'ya'yanku maimakon ƙarar ginin.

Wajen jera jimla, wurin ake siffantawa, wato aji ko ɗaki ko mota. Sunan yanayin shi ne "overcrowding", ba ya ɗaukar jam'i kuma ba a sa masa "an" a gaba. Idan kana son ƙarfafawa, "severely" ta fi "very" dacewa da takardar ofis. Ga yadda zan rubuta da ni ne: "Our classrooms are severely overcrowded. A room built for 40 pupils now holds more than 100." Sai dai ka tabbatar da adadin farko daga hedimasta, na biyun kuma daga rajistar aji, kada ka ɗauki nawa. Ka kuma ƙara da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Jami'in da ya karanta siffa kaɗai zai iya cewa kowa haka yake faɗa, amma wanda ya ga adadi biyu a jere da ƙa'idar ma'aikatarsa a gefe, da wuya ya sami abin cewa.

Hajiya Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam basira, bayanin ya gamsar. Ina so in ƙara da abin da na sani daga ɓangaren asibiti, domin a wajenmu kalmomin nan biyu ba sa taɓa haɗuwa, kuma wanda ya musanya su a rahoto zai rikita mai karatu.

A bakin likita "congestion" yanayi ne na jiki. Idan mura ta toshe hanci, "nasal congestion" ake rubutawa. Idan majina ta taru a ƙirji, ita ce dai kalmar. Akwai kuma ciwon zuciyar da ake kira "congestive heart failure", inda zuciya ke gaza tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu, ƙafafu kuma su kumbura. Duk wannan yana komawa ga abin da Malam ya faɗa ne, abu ya taru a inda ya kamata ya wuce. Amma idan muna maganar ɗakin kwantar da marasa lafiya da gadaje suka ƙare har aka shimfiɗa wa wasu tabarma a baranda, "overcrowded ward" muke rubutawa.

Abin da ya fi muhimmanci ga takardarku, Malam Sakatare, shi ne "overcrowding" kalma ce da ma'aikatan lafiya ke lissafawa cikin abubuwan da ke yaɗa cuta. Tarin fuka, ƙyanda da sanƙarau duk ta numfashi da tari suke bi, kuma suna samun sauƙin yaɗuwa a ɗakin da mutane suka yi yawa, iska kuma ba ta ratsawa. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta da annobar sanƙarau da ta ratsa arewacin Najeriya ba, wadda ta ci rayukan dubban mutane, akasarinsu yara. Shi ya sa duk lokacin zafi, daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, ake ta jan kunne a rediyo cewa a rage cunkoso a ɗakin kwana a kuma buɗe tagogi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ɗaukar gida a matsayin wanda ya wuce ƙima idan fiye da mutum uku ne ke raba ɗaki guda, kuma da wannan ma'aunin take auna unguwannin marasa galihu a duniya.

Shawarata ita ce ku sa jimla ɗaya a kan lafiya, ku haɗa kalmar da "poorly ventilated", wato wurin da iska ba ta wadace shi ba, idan har haka ajujuwan suke. Na lura cewa koken da ya tsaya a kan karatu kaɗai yakan jira layi, amma wanda ya ambaci haɗarin ɓarkewar cuta yakan sa a tashi a zo a duba. Ban ce a ƙara gishiri ba, a faɗi abin da yake akwai ne kawai da sunan da ma'aikatu suka san shi da shi.

Sakataren Iyaye ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, Allah ya biya ku. Sai dai akwai abin da ya rage mini. Idan har "congested" ta hanya ce, me ya sa kullum nake karanta "prison congestion" da "decongestion of prisons" a jaridunmu, har daga bakin ministoci da alƙalai? Fursuna ai zaune yake, ba wucewa ya zo yi ba. Shin dukansu kuskure suke yi, ko kuwa ma'ajinmu yana da gaskiya da ya ce duk ɗaya ne?

Barista ya amsa:

Malam Sakatare, tambayarka ta biyu ta fi ta farko wuya, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Malam Mai Nahawu, tare da girmamawa. Iyakar da ya shata tana da amfani ga mai koyo, amma ba katanga ba ce. Ƙamusoshin Turanci da kansu suna fassara "congested" da wurin da ya cika har ya toshe, kuma Turawa suna cewa "congested city" ko "congested area" ba tare da wani ya ce sun yi kuskure ba. A Najeriya kuwa "prison congestion" ta riga ta zauna daram a harshen shari'a da na gwamnati, har an kafa kwamitoci da sunan "decongestion". Ba zan kira wannan kuskure ba, Turancin ƙasarmu ne na hukuma. Abin da ya taimaka mata kuma shi ne tana da kishiya a shirye: daga "congest" ana samun "decongest", wato rage cunkoso, alhali "overcrowd" ba ta da irin wannan kishiyar, sai dai a ce "reduce overcrowding".

Akwai kuma wani dalili da nake ganin ya sa kalmar ta dace da gidajen yarinmu fiye da yadda ake zato. Mafi yawan waɗanda ke tsare a cikinsu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ke nan wucewa ya kamata su yi, ko dai zuwa hukunci ko zuwa gida, sai hanyar ta toshe a wajen 'yan sanda, ko a wajen shawarar ma'aikatar shari'a, ko a kotu. Idan aka dube shi ta nan, ma'aunin Malam bai karye ba. Dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali a 2019 ta ma tanadi cewa idan gida ya wuce adadin da aka gina shi dominsa, shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban alƙalin jiha da sauran masu ruwa da tsaki, kuma ta ba da damar a ƙi karɓar sababbin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Rahotannin ƙasashen waje a kan wannan matsala dai "prison overcrowding" suke cewa.

Inda na yarda da Malam ɗari bisa ɗari shi ne batun ma'auni. A Ingila "overcrowding" kalma ce ta doka mai iyaka sananniya. Dokar gidaje ta 1985 ta ce gida ya shiga wannan hali idan ya zama dole namiji da mace da suka kai shekara 10, waɗanda ba ma'aurata ba, su kwana ɗaki ɗaya. Ta kuma ƙayyade yawan mutane gwargwadon yawan ɗakuna da faɗinsu, inda ba a ƙidaya jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, yaron da bai kai goma ba kuma ana lissafa shi rabin mutum. Duk lokacin da na karanta wannan sashe nakan tuna hadisin da ya umarce mu da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Don haka ma'ajinku bai yi ƙarya ba da ya ce za a gane, amma kalmar hedimasta ita ce wadda ake iya kafa hujja da ita.

Tsohon Mai Fassarar Labarai ya amsa:

Ranku ya daɗe, na karanta duka kuma na ƙaru. Ni daga ɗakin labarai na fito, inda ake miƙo maka rahoto da Turanci a ce ka mayar da shi Hausa kafin lokacin labarai ya yi, don haka ta ɗaya gefen nake kallon matsalar. Mu wahalarmu ita ce kalmomi huɗu ko biyar na Turanci duk suna neman faɗawa cikin cunkoso, kuma malalacin mai fassara yakan bar su su faɗa. Wanda ya damu da aikinsa yakan bambanta: cunkoson ababen hawa idan "traffic congestion" ce, cika fiye da ƙima idan "overcrowding" ce, cincirindo ko dandazo idan taro ne kawai ba tare da matsala ba. A titi kuwa talaka ya riga ya yanke nasa hukunci, gosulo yake cewa, daga "go-slow" na Turancin Najeriya. Wannan ma a kiyaye da ita, domin a Ingila "go-slow" na nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don nuna fushi, ba ta da alaƙa da mota. Abin da suke ce wa gosulo shi ne "traffic jam", kuma kuɗin da birnin Landan ya fara karɓa a hannun masu shiga tsakiyar gari da mota a watan Fabrairun 2003, fam 5 a rana a wancan lokacin, sunansa "congestion charge".

Amma kalmar da na fi so a yi hattara da ita ita ce wadda ake amfani da ita idan cunkoso ya kai ga rasa rai. Jaridu sun saba rubuta "stampede", mu kuma mu ce turmutsitsi. Asalin "stampede" gudun garken dabbobi ne idan sun firgita, kuma idan aka faɗa wa mutane ita, ana nuna cewa sun ruɗe ne suka tattake juna. Masana harkar taro sun daɗe suna cewa a mafi yawan irin waɗannan masifu babu wanda ya yi gudu, domin babu ma wurin gudun. Mutane ne ke matsuwa har ƙirji ya kasa buɗewa, su rasu a tsaye saboda rashin numfashi. Sunan wannan "crush" ne ko "crowd crush", kuma sanadinsa "overcrowding", wato an bar mutane sun shiga wuri fiye da abin da zai ɗauka.

Bambancin yana da nauyi, domin "stampede" tana ɗora laifi a kan mamata, "crush" kuma tana tura tambaya ga waɗanda suka tsara wurin. A filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield, inda magoya bayan Liverpool 97 suka rasa rayukansu sakamakon matsewar jama'a da ta faru a watan Afrilun 1989, iyalai sun shafe shekaru suna fafutukar wanke 'yan uwansu daga zargi, sai a 2016 binciken kotu ya tabbatar da cewa ba halayyar 'yan kallo ce ta jawo abin ba. Mu ma abin ya taɓa mu a Mina ranar 24 ga Satumban 2015, inda alhazan Najeriya da dama suka rasu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah ya jiƙansu da rahama. Mafi yawan rahotannin lokacin "stampede" suka rubuta, mu kuma muka bi su da turmutsitsi. Ina roƙon matasan da ke aikin fassara yanzu, idan rahoto ya zo da "crush", su ce matsatsi ko matsewar jama'a, su ajiye turmutsitsi da turereniya sai inda aka tabbatar cewa an yi gudu an ture juna.